Yadda ake ƙawata silin na gida, daga hawa kan kwano zuwa kunna fitila

A damina ta biyu bayan mun tare a gidanmu, wani dare cikin watan Agusta, muna zaune a falo sai muka ji tim. Wani ɓangare na POP ne, wato farar filastar da ake ƙawata silin da ita, faɗinsa ya kai tire, ya yanko daga gefen furen da ke tsakiya ya dira a kan kujera. Allah Ya kiyaye, babu kowa a kanta. Washegari kafinta ya hau sama, ya sauko yana riƙe da wata waya da tsatsa ta cinye. Ashe wata 'yar huda ce a inda kwano biyu suka haɗu, ruwa yana ɗiga a wuri ɗaya tun daminar bara, ya jiƙa filastar, ya ci wayar da ke riƙe da ita. Mai POP ɗin ya yi ado mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma daga ni har shi babu wanda ya leƙa rufin kafin a fara aiki.

Shi ya sa duk wanda ya turo mini hoton silin daga Facebook ya ce irinsa yake so, sai in tambaye shi yaushe rabon da wani ya hau kan kwanonsa. Abin da ido ke gani daga ƙasa shi ne mataki na ƙarshe. Ga yadda aikin ke tafiya idan aka bi shi a jere.

Mataki na farko: rufi

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ka sayi ko buhu ɗaya na hodar POP, ka sa kafinta ya shiga ƙarƙashin kwano da tsakar rana, ya ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Wuraren da suka fi yoyo su ne kwarin da ɓangarori biyu na rufi ke haɗuwa, da kan ƙusoshi, da inda kwano ya shiga cikin bango a gidajen da ake ɓoye rufinsu a bayan katanga. Wannan yayi na ɓoye kwano ya cika sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Katsina, yana da kyau a ido, amma idan magudanar da ke bayan katangar ta toshe da ganye da leda, ruwa ba shi da wurin zuwa sai cikin ɗaki. Idan da hali, a bar sabon rufi ya sha ruwan sama mai ƙarfi sau biyu ko uku kafin a rufe ƙasansa.

A nan ne kuma ake toshe hanyar jemage da ɓera. Duk wata kafa tsakanin bango da kwano a cike ta da siminti, tagogin shan iska kuma a sa musu raga. Kada a toshe su gaba ɗaya, don zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana buƙatar hanyar fita, in ba haka ba ɗakin ne zai sha shi har tsakar dare. Wanda ya taɓa zama a gidan da jemagu suka tare a silin ya san warin, kuma ya san babu turaren wutar da ke kashe shi.

Mataki na biyu: awo

Ɗauki tef ka auna abu uku: tsawo, faɗi, da tsayi daga ƙasa zuwa inda silin zai zauna. Na ukun shi ne mai yanke hukunci. Yawancin ɗakunanmu tsayinsu ƙafa 10 ne, wato kusan mita 3. A irin wannan za ka iya sauke gefe da inci 6 zuwa 8 ka yi ado mai hawa biyu ba tare da ɗakin ya danne mutum ba. Idan tsayin ƙafa 9 ne, ka haƙura da hawa-hawa, ka yi shafaffe. Ka kuma tuna cewa idan ba a riga an sa tayil ba, shi da simintinsa za su cinye maka inci 2 ko fiye.

Lissafin kaya ba wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 yana da faɗin murabba'in mita kusan 13 da rabi. Idan fallen silin mai ƙafa 4 a kan 4 za ka sa, guda 9 ne. Idan ƙanana ne masu ƙafa 2 a kan 2, guda 36. Idan allon jifsom ne, wato allon filasta na masana'anta, mai mita 1.2 a kan 2.4, guda 5 za su rufe shi, ka sayi 6 saboda yanka da karyewa. Masu POP da murabba'in mita suke yin ciniki, don haka ka auna da hannunka kafin su zo da nasu awon.

Mataki na uku: zaɓen kaya

POP shi ne sarkin yayi, kuma ya cancanta a falo da ɗakin kwana. Ana sarrafa shi yadda ake so, ba ya kama wuta, yana ɗan tare zafi, amma shi da ruwa ba sa ga maciji. Allon jifsom ɗan'uwansa ne, a masana'anta ake yin sa, ya fi saurin aiki da ƙarancin datti, kuma ya fi dacewa da ado mai miƙaƙƙun layuka.

Silin na roba, wanda ake ce wa PVC, ba ruwansa da laima, ana goge shi da tsumma, shi ya sa ya dace da banɗaki da baranda. Aibinsa biyu ne. Idan aka yi rowar katako, zafin kwano yana sa shi ya yi ciki. Sannan idan gobara ta tashi narkewa yake yi, ya riƙa ɗiga yana fitar da baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum. A kicin ɗin da ake girki da gas ko gawayi ni ba na son ganinsa, duk da na san a nan aka fi sa shi.

Katako yana da kwarjini idan aka yi masa aikin hannu, amma sai busasshe, sai kuma ka shirya yaƙi da gara. Shi kuwa tsohon silin na asbesta da ke gidajen da aka gina a shekarun 1970 da 1980, a bi shi a hankali. Muddin yana zaune lafiya ba ya cutarwa, amma ƙurar da ke tashi idan ana fasa shi ko yanka shi tana lalata huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Idan za a cire shi, a fitar da yara daga gidan, a yayyafa masa ruwa, a sauke shi falle-falle ba tare da farfasawa ba, masu aikin kuma su rufe hanci da abin kirki.

A Kano, Kasuwar Ƙofar Ruwa ce matattarar kayan gini, katako kuma a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ka je da mai aikin, amma kuɗin ya fita daga hannunka. Hodar POP ka cusa hannu a buhun: idan ka ji gudaji, ta sha laima, ba za ta kama da ƙarfi ba.

Mataki na huɗu: zaɓen ado

A nan nake son in ɗan tsaya, don a nan mutane suka fi ɓata kuɗi. Adon rufin ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko tsofaffin soraye na Zariya da Damagaram, ya ɗaga kai, zai ga ɗaurin guga: bakan gizo na ƙasa da azara sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, tsakankaninsu an jera azarar giginya cikin tsari, a mahaɗar kuma sau da yawa an kafa faranti ko kwano mai ƙyalli. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da wannan fasaha ya yi suna. Abin lura a aikin waɗannan magina shi ne adon yana bin ƙashin ginin, kuma ido yana da wuri ɗaya da yake sauka. Yawancin POP na yanzu ba shi da wannan kamun kai: fure a nan, tauraro a can, zuciya a lungu, fitila ja da shuɗiya da kore, falo ya koma kamar zauren biki.

Ga salon da na ga suna tsufa da mutunci.

Shafaffe da baki. Silin fari sumul, sai bakin ado siriri da ya zagaye inda bango ya haɗu da shi, wanda masu aikin ke kira konis. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma shi kaɗai ne ya dace da gajeren ɗaki.

Tire. A sauke gefe da faɗin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, a bar tsakiya a sama. Tsakiyar ta ɗauki fanka ko shandaliya, wato babbar fitilar ado da ake ratayewa, gefen ya ɗauki ƙananan fitilu. Wannan ne salon da ya fi karɓar falon da aka jera kujeru a jikin bango aka bar tsakiya da kafet, yadda muke yi.

Ɓoyayyiyar fitila. A bakin tiren ana barin wani ɗan lungu mai faɗin inci 4 zuwa 6, a kwantar da igiyar fitila a ciki, haske ya riƙa dukan silin yana dawowa a tausashe. Da dare babu kamarsa. Sai dai ka sani wannan lungu ma'ajiyar ƙura ce a lokacin hunturu, kuma masaukin tsaka ne. A yi shi yadda hannu da tsumma za su iya shiga.

Salon gida. Ana iya kwaikwayon ɗaurin guga da POP: layuka biyu ko huɗu masu kauri su ratsa silin su haɗu a tsakiya, a mahaɗar a zauna da dagi ko fitila mai kamar faranti. Na ga wani zaure da aka yi wa haka, aka jera siraran katako masu launin azara a tsakanin layukan, bango fari fat. Duk baƙon da ya shiga sai ya ɗaga kai. Wannan yana son ɗaki mai tsayi, ƙafa 11 ko 12.

Kowanne ka zaɓa, a zana shi a takarda da awonsa, kai da mai aikin kowa ya riƙe kwafi. "Irin na hoton nan" ba yarjejeniya ba ce. A bar uwargida ta sa baki tun a takarda, don ita ce za ta fi kowa zama a ƙarƙashinsa, kuma sauya ra'ayi bayan an ɗaure filasta kuɗi ne sabo.

Mataki na biyar: wayarin da ƙugiyar fanka

Mai wayarin yana riga mai POP shiga, ba ya biyo bayansa. Kowace waya ta bi ta cikin bututu, kada a shimfiɗa ta tsirara a kan katako inda ɓera zai ci bawonta. Duk wani haɗi a yi shi a cikin akwatinsa. Gobara da yawa a cikin silin take farawa, inda babu mai gani sai ta yi ƙarfi.

Ƙugiyar fanka a jikin ƙaƙƙarfan katakon rufi ake ɗaure ta, ko a jikin ƙarfen dakin, wato rufin kankare, idan gidan bene ne. POP ba ya ɗaukar nauyin fanka, balle girgizarta. Haka ma shandaliya. Fukafukan fanka su yi nesa da ƙasa da aƙalla ƙafa 7 da rabi, su kuma bar kusan ƙafa ɗaya tsakaninsu da silin don su sami iskar ja. Wani kuskure da ake yawan yi: a sa ƙananan fitilu daidai saman inda fukafukan ke juyawa. Da an kunna su tare sai haske ya riƙa kaɗawa a bango, mai karatu ya tashi da ciwon kai. A fitar da su wajen da'irar fankar.

Ka raba makunnai. Ɓoyayyiyar fitila da nata, ƙananan fitilu da nasu, ta tsakiya da nata. Ranar da aka ɗauke wuta aka koma kan sola, za ka so ka kunna biyu kawai, ba ashirin ba. Ita igiyar fitila tana da ɗan akwatin da ke rage mata ƙarfin wuta, kuma shi ne ke fara ƙonewa. A ajiye shi inda hannu zai kai, kada a binne shi a cikin filasta.

Mataki na shida: layi da ƙashi

Mai aikin kirki da tiyon ruwa yake farawa. Siririn tiyo ne da ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa, a bi kusurwa huɗu ana sa alama inda ruwan ya tsaya, sannan a buga zare mai hoda a haɗa alamomin. Wanda ya ce zai auna daga ƙasa ko daga saman bulo, ka dakatar da shi, don ba ƙasar ba bulon babu wanda ya miƙe.

Daga nan sai katako. Tu-bai-tu, wato mai inci 2 a kan 2, ake amfani da shi, busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Wasu na shafa baƙin mai don araha, amma idan zafi ya narkar da shi yana iya ɓullowa a jikin farin silin, kuma fenti ba ya rufe wannan tabon. Tazarar katako kada ta wuce ƙafa 2, ga silin na roba ma gara a matso da ita zuwa ƙafa ɗaya da rabi. Ɗanyen katako yana murɗewa idan ya bushe, shi ne ke jawo tsagewar da ake ɗora wa mai POP laifinta.

A bar ƙofar shiga sama, ƙafa 2 a kan 2, a lungun da ba a gani kamar koridó ko sito. Masu ado ba sa son ta, suna cewa tana ɓata aiki. Ka dage. Ranar da waya ta ƙone ko kwano ya fara yoyo, idan babu ita sai an fasa.

Mataki na bakwai: ɗaurin POP

Ana zuba allunan POP ne a ƙasa, a kan tebur mai santsi ko gilashi. A cikin ruwa ake barbaɗa hoda, ba a zuba ruwa a kan hoda, kuma kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa don cikin 'yan mintuna take kamawa. Wadda ta fara tauri ba a ƙara mata ruwa a ce za a farfaɗo da ita, ta riga ta mutu. A tsakiyar kowane allo ana shimfiɗa filas, wani farin zare mai kama da na rama, shi ne jijiyar allon. Idan ka ga ana tsakurar filas kamar gishiri, allon zai karye. Ɗauki guda ɗaya da ya bushe ka duba gefensa, ya kamata ka ga zaren ko'ina.

Sannan a ɗaga allunan ɗaya bayan ɗaya, a rataye su da waya a jikin katako, a naɗe wayar da filas da aka tsoma cikin kwaɓin, a kuma ɗinke bayan kowace mahaɗa da shi. Wayar ta zama marar tsatsa, kada a yi amfani da baƙar wayar ɗaurin rodi. Tawa ce shaida. Bayan an gama shimfiɗa sai a ɗora konis da sauran ado, a cike mahaɗai, a shafe.

Ka je da daddare da tocila, ka manna ta a jikin silin ta haska a kwance. Duk tudu da kwari za su fito fili, kuma a wannan lokacin gyaransu ba komai ba ne. Idan an riga an sa tayil, a rufe shi da leda da kwali. Ruwan wanke bokiti kuma kada a zuba shi a magudanar banɗaki, yana daskarewa a cikin bututu ya toshe shi.

Mataki na takwas: bushewa da fenti

Gaggawar tarewa ce ke kashe aiki a nan, musamman gidan amarya da aka sa wa rana. POP yana kamawa da wuri amma yana daɗewa bai saki ruwansa ba. Da rani a ba shi mako guda tagogi a buɗe, da damina mako biyu ko fiye. Gwajin mai sauƙi ne: manna 'yar leda a jikinsa da salatif, ka bar ta ta kwana. Idan da safe ka ga gumi a cikinta, bai bushe ba. Fentin da aka shafa a kan ɗanyen POP yana kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Idan ya bushe a goge shi da samfefa mai laushi, a kakkaɓe ƙurar, a sa fentin share fage, sannan fentin ruwa hannu biyu. Marar ƙyalli ya fi, don mai ƙyalli yana tona duk wani aibi. Fari ko ruwan madara yana ɗaga ɗaki ya ƙara masa haske. Idan ana son launi, a sa shi a cikin tiren kawai. A ɗakin kwana fitila mai ɗan ruwan ɗorawa ta fi kwantar da ido, farar tas kuma a bar wa kicin da wurin karatu.

Batun mai aiki da biyansa

Kada hoton waya ya ruɗe ka, kowa na iya sauke hoto ya ce nasa ne. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga damina biyu, ka duba mahaɗai da kusurwoyi, ka tambayi mai gidan. Da yawa daga cikin gwanayen wannan sana'a a Najeriya 'yan Kwatano ne da Togo, kuma yaranmu da suka koya a hannunsu sun ƙware, don haka ba daga ina ya fito za ka duba ba, hannunsa za ka duba.

Kuɗin aiki a raba shi uku: kaso ɗaya idan an fara, ɗaya idan an gama ɗaurawa, na ƙarshe bayan an yi fenti an kunna kowace fitila a gabanka, fanka ta yi awa guda tana juyawa a lamba ta ƙarshe ba ka ga ko siririn tsagu a kewayen ƙugiyarta ba. Ragowar allo biyu ko uku da guntun konis kuma kada a zubar, a jingine su a sito inda laima ba ta kai, don mazubin da aka yi naka da shi ba lallai ne a same shi ba ranar da za a yi faci.